Mawaƙan Romantik na Ingila: da wace waƙa za a fara, kuma yaya ake karanta ta?

Ɗalibar Turanci: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara a kan adabin Ingila na zamanin Romantik. Abin da ke yawo a hannun ɗalibai jerin siffofi ne kawai: ƙaunar daji da halittu, fifita zuciya a kan lissafin hankali, ƙarfin hasashe, damuwa da talaka. Haddace su ba wuya, amma idan aka ajiye waƙa a gaban mutum aka ce ya nuna su a ciki, nan gizo ke saƙar. Me ya kamata a fara karantawa?

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye jerin nan gefe tukuna, daga cikin waƙoƙin za ki ciro shi da kanki. Kuma tun yanzu ki cire wa ranki cewa adabin soyayya ne, yawancin manyan waƙoƙin ba su da alaƙa da saurayi da budurwa.

Fara da sanin abin da suka yi wa tawaye. Kafin su, salon Alexander Pope, wanda ya rasu a 1744, shi ke tashe: waƙa 'yar ƙwar biyu, ɗango biyu-biyu masu amsa-amo ɗaya, kalmomi zaɓaɓɓu na masu ilimi, jigo kuma yawanci zambo da gyaran halin mutanen birni. Karanta ɗango ashirin na Pope, sannan ki buɗe Lyrical Ballads, littafin da William Wordsworth da Samuel Taylor Coleridge suka fitar a 1798 ba tare da sunayensu a jiki ba. Za ki tarar da makiyaya, da mabarata, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da yarinyar ƙauye mai ƙirga 'yan'uwanta har da waɗanda suka rasu. A bugu na biyu, na 1800, Wordsworth ya ƙara gabatarwa inda ya ce da harshen da mutane ke magana da shi a zahiri ya kamata a yi waƙa. Wannan gabatarwa ita ce shimfiɗar komai, kada ki yarda da taƙaitawar wani a kanta.

Wurin da ɗalibai suka fi zubar da maki a nan yake. Suna kawo rabin maganarsa, cewa waƙa ambaliyar zuciya ce da ke zuwa da kanta, su tsaya. Ragowar maganar ta ce tushen waƙa shi ne abin da aka ji a dā, aka sake tuno shi cikin natsuwa. Wato akwai tazara tsakanin ganin abu da rubuta shi. Waƙarsa ta furannin dafodil shaida ce: a watan Afrilu na 1802 ya ga furannin a bakin tafkin Ullswater tare da ƙanwarsa Dorothy, sai wajen 1804 ya rubuta, aka buga a 1807. Baitin ƙarshe ma yana kwance ne a ɗaki yana tuno su.

Bazazzagi: Malam ya yi bayani, sai dai ni ba zan ce ta fara da Wordsworth ba. William Blake ya fi sauƙin shiga, waƙoƙinsa gajeru ne, Turancinsu ba ya wahalarwa. Songs of Innocence ya fito a 1789, ya haɗa shi da Songs of Experience a 1794, kuma da gangan ya jera waƙoƙin suna kallon juna. A karanta su biyu-biyu: ta ɗan rago da ta damisa, sannan The Chimney Sweeper guda biyu. A ta farko yaron da ubansa ya sayar don sharar bututun hayaƙi yana lallashin abokinsa, abokin kuma ya yi mafarkin mala'ika. A ta biyu yaron yana kuka cikin dusar ƙanƙara, iyayensa sun tafi coci. Wanda ya karanta ta farko ita kaɗai zai zaci Blake haƙuri yake koya wa yaran, alhali tuhuma ce ga iyaye da coci da sarauta. Ba ƙage ba ne kuma, dokar 1788 da ta ce kada a ɗauki yaro wannan aiki sai ya kai shekara takwas ba a cika bin ta ba.

Wani abu: Blake masassaƙin faranti ne, a kan tagulla yake zana rubutun da hoton tare, ya buga, a shafa launi da hannu. Ki nemi shafin William Blake Archive ki ga ainihin shafukan, kyauta ne.

Malamin Adabi: Na yarda da kai a kan sauƙi. Abin lura dai, a zamaninsa mutane ƙalilan ne suka san Blake, ba shi ya ja tafiyar ba. Daga baya masana suka shigar da shi cikin manyan shida.

Ɗalibar Turanci: Na gode Malam, na gode Yaya. Su waye shidan, kuma wace shekara zan rubuta a matsayin farko da ƙarshen zamanin? Littattafai sun saɓa.

Anti Mai Tarihi: Duka suna da hujja, ke dai ki faɗi dalilin wadda kika zaɓa. Masu farawa da 1789 juyin juya halin Faransa suke kallo, masu 1798 kuma Lyrical Ballads. A ƙarshe ana cewa 1832, shekarar dokar gyaran zaɓe da rasuwar Walter Scott, ko 1837 da Sarauniya Victoria ta hau gado.

Shidan kashi biyu ne, kuma rabon yana da amfani. Blake da Wordsworth da Coleridge sun ga juyin Faransa suna da ƙarfinsu, sun yi murna da shi. Wordsworth har ya zauna a Faransa a 1791 zuwa 1792. Da aka shiga yanke kawuna, Napoleon ya biyo baya, sai shi da Coleridge suka ja da baya suka koma 'yan mazan jiya. Byron da Shelley da Keats sun taso bayan haka, suna ganin manyan sun sayar da akida. Dukansu uku a ƙasar waje suka rasu da ƙuruciya: Keats a Roma a 1821 yana da shekara 25, da tarin fuka, Shelley ya nitse a tekun Italiya a 1822, Byron a Girka a 1824 inda ya je taya su yaƙin neman 'yanci. Wordsworth da ya girme su ukun bai rasu ba sai 1850.

Ina jan hankalinki a kan wannan domin ana yawan nuna su kamar masu kallon furanni da ba ruwansu da duniya. Jawabin Byron na farko a majalisar dattawan Ingila, a 1812, kare masaƙan da suka farfasa injuna ya yi. Ranar 16 ga Agusta 1819 sojojin doki suka afka wa taron masu neman haƙƙin zaɓe a Manchester, sama da mutum goma suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, Shelley ya rubuta The Mask of Anarchy a kai, ba a iya buga ta ba sai 1832. Coleridge ya yi lacca a kan cinikin bayi a Bristol a 1795, Wordsworth ya yi wa Toussaint L'Ouverture, jagoran tawayen bayi na Haiti, waƙa. Gudunsu zuwa daji ma martani ne ga hayaƙin masana'antu da cunkoson birane.

Ɗan Katsina: Bari in taɓo inda mu Hausawa muka fi tuntuɓe, wato kari. A rubutacciyar waƙarmu nauyin gaɓa ake aunawa, mai nauyi da marar nauyi. Turanci kuwa inda murya ke dannawa ake ƙirgawa. Idan ka shiga da kunnen Hausa za ka ji kamar waƙar ta karye, alhali lafiyarta lau. Maganinsa a karanta da ƙarfi ana buga yatsa a tebur duk inda aka danna, ko a saurari karatun wani a LibriVox ana bin rubutun da ido.

The Rime of the Ancient Mariner ta Coleridge ta fi dacewa da wannan atisaye. Kashi bakwai ce, yawancin baitocinta 'yan ƙwar huɗu, dannawa huɗu, uku, huɗu, uku, amsa-amo a ɗango na biyu da na huɗu. Tsarin tsofaffin waƙoƙin baka na talakawa ne, ɗaukarsa da suka yi ma yana cikin tawayen. Labarin matuƙin jirgin ruwa ne da ya harbe tsuntsu ba gaira ba dalili, bala'i ya bi jirgin, abokan tafiyarsa duka suka mutu. A lura da bugu: na 1798 cike yake da tsofaffin kalmomi, na 1817 yana da bayani a gefen shafi. Na biyun ya fi wa mai farawa.

Tintern Abbey ta Wordsworth kuwa ba ta da amsa-amo, gaɓa goma-goma ce, ɗango kusan 160. Kada a tsaya a ƙarshen ɗango, a bi jimla har inda aya take, in ba haka ba ma'ana ta watse.

Malamin Adabi: Madalla. A kan Tintern Abbey ɗin, ƙanwata, gwada wannan: ɗauki biro kala biyu, ja layi da ɗaya a ƙarƙashin duk inda yake siffanta kogi da tsaunuka, da ɗayan kuma inda yake maganar abin da ke ransa. Za ki ga na biyun ya rinjaya nesa ba kusa ba. Ya dawo bakin kogin Wye bayan shekara biyar, yana auna yadda shi ya canza. Saboda haka rubuta "yana son halittu" kawai bai isa amsa ba. Faɗi abin da halittun suka yi wa tunaninsa: sun rarrashe shi a birni, sun koya masa jin tausayin ɗan Adam.

Bazazzagi: A ƙara da sanin yanayin ƙasarsu. A can hunturu lokacin mutuwar tsirrai ne, ganye ya zube, rana ta yi ƙaranci, sai wajen Maris komai ya farfaɗo. Ode to the West Wind ta Shelley ba za ta buɗe ba sai an riƙe wannan: iskar tana share matattun ganyaye, tana kuma binne iri don ya tsiro daga baya, shi kuma yana roƙon ta watsa kalmominsa haka. Kashi biyar ce, kowanne ɗango 14. Keats a bar shi ƙarshe, Turancinsa ya fi kauri. Manyan waƙoƙinsa a 1819 ya rubuta su, a fara da To Autumn, baiti uku: nunar 'ya'yan itace, girbi, sai sautukan ƙarshen kaka. Babu "ni" a cikinta ko sau ɗaya, wanda ke nuna cewa ba duk ɗan Romantik ne ke waƙar kansa ba.

Anti Mai Tarihi: Kada a rufe a kan maza shida. Charlotte Smith ta fitar da Elegiac Sonnets a 1784, ta farfaɗo da waƙa mai ɗango 14 kafin su, Wordsworth da kansa ya yarda ana bin waƙar Ingilishi bashinta. John Clare ɗan ƙwadagon gona ne, ya ga yadda aka killace filayen kiwon ƙauyensu Helpston aka hana talaka shiga, kuma a ganina ya fi su duka sanin tsuntsu da ciyawa da sunayensu. Littafin tunatarwar Dorothy na Grasmere a ajiye shi gefen waƙar dafodil a ga abin da yayanta ya ɗauka daga wurinta.

A ƙagaggen labari kuma Frankenstein na Mary Shelley, wanda ta fara a 1816 a bakin tafkin Geneva tana da shekara 18. Frankenstein sunan masanin ne, halittar ba ta da suna, wannan kuskure yana yawan fitowa a takardun jarrabawa. Manyan bugunsa biyu ne, 1818 da 1831, kuma ta yi gyare-gyare a na biyun, don haka a duba wanda malami ya sa kafin a ɗauko ambato.

Ɗalibar Turanci: Allah ya saka da alheri. Kenan Blake, sai gabatarwar 1800 da Tintern Abbey, sai Coleridge, sannan Shelley da Keats. Byron fa, da The Prelude da ake ta ambato?

Malamin Adabi: Amin. Na Byron karanta kashi na uku na Childe Harold's Pilgrimage, a nan za ki ga jarumin da ake jingina masa: mai girman kai, mai ɓoyayyen laifi, wanda ya ware daga jama'a. The Prelude doguwa ce, ba a buga ta ba sai bayan rasuwar Wordsworth a 1850, kuma akwai rubutun 1805 mai littafi 13 da na 1850 mai 14, lambobin ɗango ba sa dacewa da juna. A yanzu littafi na ɗaya ya ishe ki, musamman inda yaro ya saci kwalekwale da dare, yana tuƙi sai wani baƙin dutse ya ɓullo kamar yana bin sa, ya juya da rawar jiki. Wannan haɗuwar tsoro da girma ita ce Edmund Burke ya yi littafi a kanta a 1757, ya bambanta ta da kyau mai sanyaya rai, kuma ana yawan tambaya a kai. Duk waɗannan suna Project Gutenberg kyauta, sai dai babu sharhi a ƙasan shafi, don haka idan ɗakin karatunku yana da Norton Anthology, juzu'in zamanin Romantik, yi amfani da shi saboda bayanin tsofaffin kalmomi.