Nonon shanun bakin rami: wai tafasawa na kashe gubar?

Baba mahauci: Salamu alaikum jama'a. Jiya a kasuwar Anka anka ce shanun da ka shan ruwan ramukan zinari suna kwaso radiyeshin, wato gubar nukiliya, a jiki, amma in an tafasa nono an dafa nama lugub shi ke nan. Ni dai na yarda, mi za ya gagari wuta?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam Baba. Wuta mai rai take kashewa, abin da ka fidda radiyeshin kuwa sinadari ne marar rai, iyaka ya fito daga nama ya koma romo, romon kuma mu ka sha. Jikin dabba ruɗewa yake da irin waɗannan sinadarai, yana ɗaukar su kamar na abinci: siziyom ya yi mai kama da potasiyom sai ya shige tsoka, sitirontiyom kamar kalsiyom sai ƙashi da nono, aidin kuma a maƙoshi yake taruwa. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a ƙasar Yukren a 1986 ta madara yara da dama sunka kamu da dajin maƙoshi.

Inna mai fura: Can Yukren dai ɗana, mu ina ruwanmu.

Likitan dabbobi: Inna da ruwanmu, amma kada a haɗa biyu. Abin da ya kashe muna yara sama da 400 a 2010, su Bagega da Dareta da Yargalma, dalma ce ba radiyeshin ba. Ita ma tafasawa ba ta taɓa ta. Da idona na ga saniya na lasar ƙasa bakin rami, ruwan ja wur, maraƙi na biye yana tsotso, har yau abin na damuna wallahi.

Baba mahauci: To ba an ce akwai ƙa'ida ba? Ɗan kaɗan ba komi ke nan.

Malamin kimiyya: Akwai. Daga ƙasa da iska da abinci mutum na samun kamar milisibat (ma'aunin radiyeshin) 2.4 a shekara, ƙarin da anka yarje ma talaka 1 ne, ma'aikatan fannin 20. Sai dai da na'ura aka ganewa, ba da ido ko harshe ba. Tumakin tsaunukan Birtaniya da ƙurar Canobil ta shafa sai 2012 anka ɗage musu takunkumi, shekara 26 ana auna su kafin sayarwa, don siziyom 137 sai ya shekara 30 kafin rabinshi ya lalace. A lokacin, tunkiyar da ta wuce ƙima sai a mai da ta makiyaya mai tsabta ta yi makonni a sake aunawa.

Baba mahauci: Mu nan wa za ya auna muna? Ni ban gamsu duka ba Malam, kakanninmu da wuta sunka rayu.

Inna mai fura: Ku ci gaba. Ni gobe yara rijiyar gari za su kai shanuna.