Takardar asalin kare: me "Ch." ke nufi, kuma ta kai rabin miliyan?

Baban Hajara (Tumfure, Gombe)

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Ina da 'yar gonar kaji a bayan Tumfure, masu ƙwai ne, ba su cika dubu biyu ba. Tun da damina ta ɗauke ɓeraye da gafiya suka sa ni gaba. Buhun abincin da na saya da ƙyar, da safe sai in tarar an huda shi ta gindi, rabi ya zube ya gauraya da kashinsu. Ran Talata na ɗaga katakon da muke jera buhuna a sito, na iske sheƙa biyu, 'ya'yan jajur ko ido ba su buɗe ba. Shinkafar ɓera na daina sawa tun ranar da kaji suka tsattsagi mushe, huɗu suka mutu. Na kawo mage biyu, wata ƙatuwar gafiya ta kore su, yanzu aikinsu barci a kan buhu.

Wani abokina da ya yi aiki a Jos ya ce in nemi ƙaramin karen Turawa da ake kira teriya, wai don kashe ɓera aka yi shi. Ya haɗa ni da wani dillali a can Jos, ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Kwikwiyo ne fari mai tabon ƙasa-ƙasa a kunnen hagu, ɗan sati goma, ya ce Jack Russell ne. Sai ya biyo da hoton wata takarda mai rassa kamar salsalar gidan sarauta: uwa, uba, kakanni, har hawa biyar. Wasu sunayen da jan tawada aka rubuta su, an sa "Ch." a gabansu. Ya ce kakan kwikwiyon zakara ne a Ingila. Na ce masa ni da zakaru nake kwana nake tashi, ban taɓa jin zakara mai haushi ba. Bai yi dariya ba, ya ce naira dubu 650, babu ragi. Yana da wani marar takarda, dubu 150.

Wato rabin miliyan kuɗin takarda ke nan. To me ke cikinta? Wa ke naɗa kare zakara, kuma me ake dubawa? In kakansa ya ci gasa, jikan zai fi sauran kama ɓera?

Kafin wani ya fara mini wa'azi, a gona zai zauna, ba a tsakar gidana ba. Na tambayi limaminmu, ya ce karen farauta da na kiwo da na gona hadisi ya yi rangwame a kansu.

Abu Sadik (Fadaman Mada, Bauchi)

Wa alaikumus salam Baban Hajara. Allah ya raba ka da ɓarnar ɓera.

"Ch." ɗin nan gajarta kalmar zakara ce da Turanci, wato champion. A Ingila ƙungiyar da ke rajistar karnuka, Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ita ke ba da wannan muƙami. Hanyar da aka saba ita ce kare ya ci wata shaida da suke kira CC har sau uku a hannun alƙalai uku daban-daban, kuma ɗaya daga ciki sai bayan ya cika shekara. A kowace babbar gasa, cikin iri ɗaya, namiji ɗaya da mace ɗaya ne kaɗai ke samunta. A Amurka kuwa maki 15 ake tarawa. Don haka in na gaske ne, ba a banza ake samu ba.

Na ga yadda ake alƙalancin da idona. Lokacin da nake karatu a Birmingham, a watan Maris na 2016, wani ɗan ajinmu ya ja ni Crufts, babbar gasarsu ta kwana huɗu da wani mai tallan biskit ɗin karnuka, Charles Cruft, ya fara a 1891. Don kallon Turawa na je, ba don kare ba, amma na ƙare a bakin filin teriya fiye da awa biyu.

Da yake ƙanana ne, a kan tebur ake ɗora su. Mai karen zai jera masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga masa haɓa, ya miƙar da wutsiya, kamar mai ɗaukar hoto yana gyara wa ango babbar riga. Alƙaliyar da na kalla wata tsohuwa ce mai tabarau. Ta fara miƙa masa bayan hannunta ya sansana. Ta ɗaga leɓensa ta ga ko haƙoran sama sun ɗan hau kan na ƙasa kamar almakashi. Ta shafa kai, wuya, kafaɗa. Sai ta yi abin da ya tsaya mini a rai: ta zagaye ƙirjinsa da tafukanta biyu ta bayan ƙafafun gaba, manyan yatsu a sama, ta ga ko sauran yatsun za su haɗu a ƙasa. Abokina ya ce dalili shi ne asalin aikin karen shiga ramin yanyawa, in ƙirji ya yi faɗi zai maƙale a ciki. Sunan teriya ma daga kalmar Latin mai nufin ƙasa ya fito. Ta murza gashin ta ji ko yana da kaushi, don irin wannan gashin ba a aske shi, da hannu ake tsige shi. In namiji ne sai an taɓa an tabbatar 'ya'yan marainansa biyu sun sauko. Daga nan a sauke shi, ya tafi, ya dawo, ya zagaya, tana kallon yadda yake jefa ƙafa. Duka bai fi minti biyu zuwa uku ba.

Kowane iri yana da siffarsa a rubuce, tsayi kaza, kunne kaza, launi kaza, kuma da wannan rubutun alƙali yake auna kare. Wanda ya fi kusa da shi a ganinsa shi ne ya ci. A shekarar wata farar teriya irin ta Sukotlan mai suna Devon ce ta doke kowa. A gasar Westminster ta New York ma, wadda ake yi tun 1877, fox teriya mai kaushin gashi ya zo na ɗaya sau 15, babu irin da ya kamo shi.

Amma Baban Hajara, yini guda na yi a zauren nan, na ga mataji, na ga hoda, na ga na'urar busar da gashi, ban ga ɓera ko ɗaya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, sai dai tseren da kakan nan ya ci na kyan tsayuwa ne.

Dakta Maman Iman (Yelwa, Bauchi)

Alhaji, ni likitar dabbobi ce, irin takardun nan sun sha zuwa teburina. Wasu na gaske ne, wasu kuwa a shagon kwamfuta aka haife su. Ga abin da za ka yi kafin ka tura ko kwabo.

Ka ƙara girman hoton ka duba shekarun da ke jikin sunan kakan. Kennel Club ba ta fara rajistar iri mai suna Jack Russell ba sai a 2016. Ɗan uwansa mai dogayen ƙafafu, wanda yanzu ake kira Parson Russell, shi ne ta karɓa tun 1990. Asalinsu ɗaya ne, daga karnukan wani limamin coci, John Russell, amma a takarda iri biyu ne. In ka ga an ce Jack Russell ya zama zakara a Ingila kafin 2016, to dillali yana da bayanin da zai yi maka. Yana iya yiwuwa a wata ƙasa ya ci, kamar Ostireliya, amma takarda ta gaske takan faɗi ƙasar.

Na biyu, takarda ba ta da amfani in ba a ɗaure ta da jikin kare ba. Karen da aka shigo da shi daga waje akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatarsa, wajen wuya ko tsakanin kafaɗu, mai lamba 15. A ɗora na'urar karantawa a jikin uwar ko uban, lambar ta yi daidai da ta takarda. In ba haka ba, takarda ɗaya tana iya aurar da kwikwiyo hamsin.

Ni abin da nake fara nema a salsala ba jan tawada ba ne, maimaicin suna ne. In kare ɗaya ya fito ta wajen uwa ya fito ta wajen uba, an yi auren gida da yawa, kuma nan cututtukan gado suke taruwa. Turawan da kansu sun sha rigima a kan wannan, har Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa, daga 2009. Irin wannan karen yana gadon wani ciwon ido da ke makantarwa, da gocewar ƙoƙon gwiwa, farare sosai kuma akan samu kurame. Ka tafa hannu a bayansa ba ya kallonka, ka ga ko zai waiwayo.

Sannan mai takarda da marar takarda duk ɗaya ne a wurin kaska da zawon jinin nan na kwikwiyo da muke kira fabo. Ka nemi katin rigakafi mai tambarin likita. Allurar haukan kare sai ya kai wata uku. Kuma ka tanadar masa inuwa da ruwa, ka san zafin Gombe a watan Afrilu. Ka ma tabbatar babu sauran guba a lungunan siton, wadda ta kashe kaji za ta kashe shi.

Na Gidan Sarkin Baka (Kumo)

Ɗana, ni ban san Ingila ba, amma na shekara arba'in ina bin kare a daji. Mu in za mu ɗauki kwikwiyo, uwar muke zuwa gani, mu tambayi waɗanda suka fita da ita. Ka kama ɓera da rai a tarko ka kai, a saki a gaban uwar a cikin ɗaki. In ta cafke shi ta girgiza sau ɗaya ta yar, ka biya. In ta tsaya tana kallon mai ita, ka yi musu sallama. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Abin da babu wanda ya faɗa maka kuma: karen da ke kashe ɓera zai kashe kaza. Tun yana ƙarami za ka riƙa shiga da shi cikinsu da igiya, ya yunƙura ka tsawata. In ka bari ya ɗanɗana sau ɗaya, sai ka yi kewar gafiyar.

Baban Hajara (Tumfure, Gombe)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Kumo, wallahi maganar kaza ko kaɗan ba ta zo mini ba, ina ta lissafin buhu na manta da masu cin buhun.

Dakta, na bi maganarki. Bayan sallar isha'i na ba Hajara wayar, idonta ya fi nawa. A ƙarƙashin sunan kakan an rubuta Ingila, 2011. Sannan ta gano wani suna da ya fito sau uku, biyu ta wajen uba, ɗaya ta wajen uwa, kuma a wuri ɗaya an ninka wani harafi a cikinsa, a sauran ba a ninka ba. Na kira dillalin na karanta masa abin da kika ce a kan 2016. Ya yi shiru, sai ya ce wai kuskuren mai bugawa ne. Na tambayi lambar jikin uban, ya ce uban yana Legas. Uwar fa? Tana nan. Kafin mu ajiye waya kuɗi ya sauko zuwa dubu 400 ban ko taya ba.

Da na matsa sai ya faɗa mini marar takardar nan ma uwa ɗaya ce ta haife su da mai takardar, haihuwa ɗaya, shi dai yana da baƙi da yawa a baya kuma kunnensa ɗaya a tsaye yake. Abu Sadik, na san tsohuwarka mai tabarau da ta kore shi tun daga bakin tebur, amma ban ga inda kunne a tsaye zai hana shi shiga ƙarƙashin katako ba.

Ran Asabar in Allah ya kai mu zan shiga motar Jos da sassafe. Na riga na ɗana tarkon waya a sito, jiya ya kama biyu, ina ba su dusa kada su mutu kafin ranar. Yaron gona yana ta dariya, wai yanzu har ɓeraye sun shiga lissafin abinci. Dakta, in na biyo ta Bauchi a dawowa da kwikwiyon, za ki duba mini idonsa da gwiwarsa? Kuma direba zai yarda in shiga da ɓera a mota, ko in sa tarkon cikin buhu in yi shiru?