Makaɗa don fatin yara na Disamba a Agege, wa ya taɓa ɗauka?

Malama Hauwa: Salam jama'a. Ina koyarwa a wata ƙaramar firamare a Agege, yaranmu a cakuɗe suke, Hausawa, Yarbawa, Ibo, Musulmi da Kirista. An ɗora min shirya fatin ƙarshen zango kafin hutun Kirsimeti, kuma bana ba ma son DJ, makaɗa muke so yara su gani da idonsu: kalangu, gangan da shekere na Yarbawa, sai ogene, ƙarfen kiɗa na Ibo. Da rana ne, awa biyu, cikin harabar makaranta, kuɗin hannunmu 250k. Ƙungiya ɗaya zan nema mai yin duka, ko kowane ɓangare in ɗauko nasa?

Ɗan Zango: Akwai wani DJ a Pen Cinema ya iya aiki wlh, in turo miki lambarsa?

Malama Hauwa: Yaya ai na ce ban da DJ.

Maman Ilham: Hmm Malama kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Da Babbar Sallah mu matan layinmu a Idi-Araba muka haɗa kuɗi don yara, muka samo wata ƙungiya wai tana kiɗan ƙabilu uku, a bidiyon da suka turo mutum bakwai ne da kaya iri ɗaya gwanin sha'awa. Muka ba da rabin kuɗi. Ƙarfe sha ɗaya aka yi da su, sai bayan la'asar ga mutum uku a keke, wai goslo ya riƙe su daga Ikorodu, yara sun gama cinye shinkafa wasu har sun yi barci a kan tabarma. Da na tambayi ina mai ogene sai ɗaya ya zaro ƙarfe daga buhu ya miƙa wa ƙaninsa, ya ɗora masa jar hula, shike nan wai an yi Ibo. Abin da ya fi ƙona min rai ko kallon yaran ba su yi ba, suna hango wani Alhaji mai canji ya shigo suka koma wajensa suka juya mana baya, sai kirari, sai roƙo, har ƙasa. Yaran da muka yi abin dominsu suna tsaye suna kallon ƙeyar makaɗa.

Maman Ilham: Kuma da za su tafi suka ce sai an cika musu kuɗi har da na mota.

Baban Sadik: Nawa kuka ba su duka?

Maman Ilham: 180k

Ɗan Zango: Kai an yanke ku. Mai kalangu da yaronsa 40k na biya a sunan ɗana.

Anti Bilki: Yaushe? In kafin cire tallafin mai a 2023 ne kar ma ka kawo zancen. Disamba a Legas kowa da farashinsa, mu 400k aka ce mana a Surulere ban da sifika da janareto.

Mai Kalangu: Malama sana'ata ce, gado na yi. Ki raba su. Kowa ya zo da abin da ya iya, minti ashirin ashirin ya isa, yaro ba ya zama fiye da haka. Na Hausa ki leƙa Abbatuwa ta Oko-Oba ki tambayi mahauta, kalangu asali kiɗansu ne, ba za ki rasa ba. Mai gangan kuwa iyayen yaranki Yarbawa sun san su gida-gida. Kuma ki haɗa mu da shi a fili ɗaya, don gangan da kalangu ɗan juma ne da ɗan jummai, a hammata ake matse tsarkiya murya ta hau ta sauka. Ki ba mu sunayen yara a takarda mu kira su da ganga ɗaya bayan ɗaya, ranar da na yi wa wata Chioma haka sai da ta rufe fuska da littafi don dariya. Amma ki faɗa tun farko babu liƙi, ki biya kuɗin da zai hana mutum roƙo.

Maman Ilham: Ai dama, ka ce a raba don kasuwa ta buɗe.

Mai Kalangu: Hajiya ni ba ni na zo muku a keke ba.

Baban Sadik: Gaskiya shawararsa ta fi ta kowa nauyi a nan, shi ke cikin harkar. Maganar liƙi ma doka ce, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana, a 2024 har wata shida aka ɗaure wani a nan Legas.

Anti Bilki: Wanda ya biya aka cuce shi ma ai yana cikin harkar, Baban Sadik.

Abu Anas: Ni tambayata, an nemi izinin iyaye? Ba kowa ke son a kaɗa wa ɗansa ganga ba, ballantana a haɗa da waƙoƙin Kirsimeti.

Malama Hauwa: Malam babu waƙar addini ko ɗaya, na kowa da kowa ne, kuma mun rubuta wa iyaye.

Ɗan Zango: A ba yaran jarkoki da gwangwanin madara su kaɗa da kansu, 250k a raba mana nan 😂

Maman Twins: Wasiƙar nan ita ce matsalar. Makarantar yarana 15k kowane yaro kuɗin fati, ga anko daban, yara uku gare ni. Aka dawo min da jus ɗaya da biskit da hular takarda. In ba ka biya ba a riƙe sakamakon jarabawa.

Anti Bilki: Mu har da kuɗin Baba Kirsimeti, kuma maigadin makarantar ne aka sa wa gemun auduga, ɗana ya gane shi da silifas.

Malama Hauwa: To ogene fa, wa ya san inda zan samu?

Maman Twins: Malama tukuna, ku nawa kuka karɓa a hannun iyaye?