Mai hoton bikinmu ya hana ni hotunan asali

Assalamu alaikum. Na biya mai hoto naira 180,000 ya ɗauki kamu, ɗaurin aure da dina a Kano. Bayan mako uku ya turo hotunan ta WhatsApp. A waya ba laifi, amma da na kai ɗaya a wanke babba, inci 16 da 20, fuskar amarya ta fito dishi-dishi, zanen lallen ma ya cakuɗe. Mai wankin ya ce WhatsApp ne ya matse su.

Na roƙe shi ya zuba mini na asalin a filash, wai sai na ƙara 50,000. Haushin dai, baki da baki muka yi, ba rubutu.

Masu sana'ar, don Allah, hotunan asali suna cikin kuɗin aiki ne ko daban ake biya?