Musayar Waƙa: Tafiyar da Ban So Ba Zuwa Las Vegas

Ɗan Gwammaja:

Salamu alaikum. Na dawo daga baje kolin kayan lantarki na CES da ake yi duk watan Janairu a Las Vegas ta jihar Nevada. Kamfaninmu ne ya tura ni. Ga abin da na gano, a ƙwar biyar. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah Mai kowa,
Mai kai bawa, Mai maidowa,
Salati ga Ɗaha abin yabawa,
Ga labarin zuwa da dawowa
Garin da raina bai so ba.

Manaja ya ce, "Ga takardarka,
Ga biza, ga tikitin jirginka,
Baje kolin bana kai za a aika,
Ka gano mana kaya a Amurka."
Na ce a sauya ni, bai yarda ba.

Inna ta ji, ta tsaya ta dube ni,
"Garin caca ne ka ce mini?
Ka riƙe salla, ka riƙe addini,
Kuɗin mutane amana ne, ka ji ni."
Ba ta ƙara ko kalma ba.

A filin Harry Reid jirgi ya sauka,
Tun kafin in kai ga ɗaukar jaka,
Injinan caca a jere suna ta kuka,
Fitilu ja da kore da ruwan toka,
Ko ƙofar gari ban kai ba.

Babban titinsu, Strip suke cewa,
Kusan kilomita bakwai yake kaiwa,
Otal kan otal, sama suke hawa,
Dare da rana wuta na haskawa,
Duhun dare ban gan shi ba.

Luxor, dalar Masar ta baƙin gilashi,
Daga tsakar kansa haske ke tashi,
Hasumiyar Paris na can gaba da shi,
Tsayin ta Faransa, a rabi aka bar shi,
Komai aro ne, ba nasu ba.

A Venetian an yi kogi cikin ɗaki,
Mai kwale-kwale na waƙa yana tuƙi,
An zana gajimare a rufi, abin mamaki,
Kullum la'asar ce, ko ka kwana aiki,
Magariba ba za ta zo ba.

Baje kolin kansa ya yi armashi,
Na ga batirin sola da sauƙin farashi,
Na karɓi katin 'yan China masu yin shi,
Aikin da ya kai ni na kammala shi,
Ban ci amanar kamfani ba.

Salla da agogon waya na kama ta,
Alƙibla kuwa manhaja ta nuna ta,
A lungun zaure na shimfiɗa dardumata,
Wani ɗan Indonesiya ya tsaya a damata,
Ba mu san sunan juna ba.

Farfajiyar caca, dole ka bi ta cikinta
Kafin ka kai lif ka hau ka huta,
Ba taga ko ɗaya a bangonta,
Ba agogo, na duba kusurwoyinta,
Da gangan ne, ba mantuwa ba.

Bayan asuba na sauko neman shayi,
Ga wata dattijuwa a ƙarshen layi,
Robar iska a hanci, numfashi da nauyi,
Yatsa kan maɓalli, dannawa take yi,
Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Tun daren jiya nan na wuce ta,
Kofin lemo ɗaya a gefenta,
Katinta a inji, igiyarsa a rigarta,
In ta ci, ba murna a fuskarta,
In an cinye ta, ba ta motsa ba.

Sa'ar Innata ce, ko ta girme ta,
Na tsaya ina tunanin ina 'ya'yanta,
Wa zai dafa kafaɗa ya tashe ta,
Duk ginin garin na manta, ban da ita,
Har yau ba ta bar raina ba.

Malam Na Tudun Wada:

Ɗana, barka da sauka lafiya,
Allah Ya sa albarka a dawowa.
Amma ina da magana guda ɗaya,
Ka ji ta, ba don in yi maka tsawa.
Aya ta 90 a cikin Ma'ida
Ta haɗa giya da caca wajen hanawa.
Ba ta tsaya a "kar ku taɓa" ba,
Nisanta ce take umartawa.
Ta 91 ta kawo dalili:
Gaba da ƙiyayya Shaiɗan ke sakawa,
Ya kange bawa daga ambaton Allah
Da salla, lokaci na ta wucewa.
Zauren da ka ce ba taga ba agogo,
Ai aikinsa ayar take nunawa.
To me ya kai ka kwana a samansa?
Ba wani masauki na kamawa?
Zama da maɗaukin kanwa, ka sani,
Farin kai ne yake kawowa.

Ɗan Gwammaja:

Baba Malam, na ji, na kuma ɗauka,
Kamfani ya kama ɗakin tun kan in sauka,
Manyan otal na titin, kusan duka,
Ka kwanta, caca na ƙarƙashinka,
Amma ko sisina bai shiga ba.

Direban Dare:

Baba Malam, a gafarce ni in sa baki, don ni a garin nake.

Ɗan'uwa, nan nake zaune da iyalina,
Tuƙin tasi da dare ne aikina,
Da ka yi waya, da ka ci tuwo a gidana,
Titi ka gano, ka baro gari.

Bayan fitilun nan akwai unguwa,
Da 'yan makaranta da 'yan kasuwa,
Masu gyaran ɗaki da masu dafuwa,
Su ke riƙe da otal ɗin bisa tsari.

Ran Juma'a muna cika masallaci,
As-Sabur na nan tun tsawon lokaci,
Da azumi mu haɗu mu raba abinci,
Ɗan Afirka, Balarabe, baƙi da fari.

Baba Malam, batunka da gaskiya,
Akwai masaukin da ba caca ko ɗaya,
Sai dai baƙo ba ya sanin hanya,
Sai an nuna masa tun da wuri.

A 1905 aka yi gwanjon filayensa,
Layin dogo ne asalin kafuwarsa,
A 1931 Nevada ta halatta cacarsa,
Daga nan masu kuɗi suka zuba jari.

Baƙi kusan miliyan 40 a shekara,
Ina ɗauko su suna shewa da ƙara,
In mai da su filin jirgi bayan asara,
Shiru a mota, ba sauran buri.

Wani ya miƙo zobensa kuɗin mota,
Ajiyar shekara a dare guda ta ɓata,
Na ce riƙe zobenka, je ka huta,
Na kai shi kyauta, neman alheri.

Ƙarƙashin titin akwai magudanan ruwa,
Marasa gida a ciki suke fakewa,
In an yi ruwa ambaliya na tahowa,
Kaya su tafi, rai na cikin hatsari.

Dattijuwar da ka gani, ɗan'uwana,
Irinta nake ɗauka dare da rana,
Ba duka baƙi ba ne, akwai maƙwabtana,
Kuɗin fanshonsu ke tafiya a sirri.

Auta:

Yayyena, ku yi haƙuri in tambaya,
Ni yaro ne a harkar duniya,
Ai wasu na ci, muna gani a waya,
Dare ɗaya mutum ya zama miloniya,
In ka sa kaɗan, ka ci, ka tsaya,
Ina laifin gwada sa'a sau ɗaya?

Malama Mai Alli:

Auta ƙanena, matso da allonka,
Mu yi lissafi ka gani da idonka.
Akwai faifan da ake juyawa, rulet,
Gurbi 38 ne a irin na Amurka.
Lamba 1 zuwa 36, sannan sifili
Da tagwayen sifili, su ne tarkonka.
Ka sa dala ɗaya kan lamba guda,
In ta faɗo, 35 ce ribarka.
Da adalci ne, 37 za a biya,
Biyun nan na mai gida ne, ba naka.
Duk dala 100 da ka zuba, in wasa ya yi nisa,
Biyar da ɗoriya sun bar aljihunka.
Ba a ɓoye komai ba, a rubuce yake,
Hukumar jihar ma ta san da haka.
Mai gida ba ya buƙatar sa'a,
Buƙatarsa ka daɗe a kujerarka.
Shi ya sa lemo da giya kyauta ne,
Muddin kana wasa ana kawo maka.
Wanda ya ci, a ɗau hotonsa a baza,
Dubun da aka cinye, wa zai nuna maka?
Gilashin Luxor da tafkin Bellagio,
Da kuɗin masu faɗuwa a ciki, ba shakka.
"Ka ci ka tsaya" da ka ce, Auta,
Cin farkon shi ke ɗaure ƙafarka.

'Yar Damagaram:

Ku kuna batun kuɗi, ni hankalina na kan ruwa.

Ni 'yar Damagaram, ƙishi na san shi,
Mun bi layin famfo kan rana ta tashi.
An ce garin nan a hamada yake,
Damina ba ƙarfi, ƙasa a bushe take.
To kogin cikin ɗaki, daga ina?
Ƙanena, amsa mini, ya tsaya a raina.

Ɗan Gwammaja:

Yaya, kin taɓo abin da ya dame ni,
Da aka tashi taro mota ta kai ni
Madatsar Hoover, wani babban gini
Da ya tare kogin Kolorado tsakanin tsauni,
Irinsa ban taɓa gani ba.

A 1936 aka gama aikinta,
Tafkin Mead ya taru a bayanta,
Kusan kashi 90 na ruwan gari albarkacinta,
Jihohi uku na shan wutarta,
Ba don ita ba, da bai kai nan ba.

Sai dai a jikin dutsen akwai shaida,
Farin layi, inda ruwa ya kai a da,
Ya ja ƙasa sosai, fari ya addabi hamada,
A 2022 ya yi irin saukar da
Tun cikarsa bai taɓa yi ba.

Ruwan samansu na shekara duka
Milimita 100 da 'yan kai yake sauka,
Damagaram ta ninka shi, ba shakka,
Ga otal da dubban ɗakunan wanka,
Na duba, hankalina bai kwanta ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansu,
Ruwan wanka da na wankinsu
Ana tace shi a mayar tafkinsu,
Suna tuge ciyawar ado a titunansu,
Wannan ban raina musu ba.

Malam Na Tudun Wada:

Direba, na gode da ka ƙara mini sani,
Ko'ina akwai bayin Allah masu riƙewa.
Ka gai da jama'ar masallacinku,
Allah Ya ba ku halali a nemowa.
Tsorona yanzu ya koma kan Auta,
Da tambayar da ya yi ba da ɓoyewa.
Las Vegas sai da biza da kuɗin jirgi,
Tamu a aljihu take, ba mai hanawa.
Can sai ka kai 21 ka zauna tebur,
Nan yaro da wayar uwarsa yake bugawa.
Cacar ƙwallo ta shiga unguwanni,
Kuɗin makaranta ake zubawa.
Na ga ɗan acaba ya wuni a rana,
Cinikin ranar duka yana turawa.
Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024,
Wayar hannu fa, wa ke iya rufewa?

Auta:

Baba Malam, batunka gaskiya,
Abokaina na yi a bakin hanya,
Wasa goma suke haɗawa a takarda ɗaya,
Su ce ƙwallo sani ne, ba caca ba, Yaya,
Auna mini shi in kai musu da safiya.

Malama Mai Alli:

Mu ɗauka kowane wasa rabi da rabi ne,
Ko ka dace ko ka faɗi a hasashenka.
Wasa biyu, ɗaya cikin huɗu ke nan,
Uku, ɗaya cikin takwas ne rabonka.
Ka yi ta ninkawa har wasa na goma,
Ɗaya cikin 1,024 ke jiranka.
Ƙwallo kuwa ba rabi da rabi ba ce,
Akwai kunnen doki, na uku a gabanka.
Kowane wasa kamfani ya cire nasa,
Goma ka haɗa, sau goma aka yanke ka.
Kai musu a rubuce, kowa ya riƙe biro,
In sun ga kuskure, su turo ta hannunka.