Fitilar mai tana ƙyaftawa a silo bayan na yi wa motar da na saya juye

Sabon Mai Mota:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji. Kwanan nan na sayi mota ta hannu mai amfani da fetur, mai silinda huɗu, wadda mitarta ta nuna ta yi tafiyar kusan kilomita 190,000. Lokacin da na gwada ta kafin saye babu wata fitila da ta kama a dashbod, kuma da na zaro sandar auna mai na ga baƙin man sabo ne, sai dai ya yi kauri fiye da yadda na saba gani. Bayan ta zo hannuna na sa an yi juye da baƙin mai mai lamba 5W-30, wanda shi ne littafin motar ya ce a zuba, aka kuma sa sabuwar filta.

Tun daga nan, idan injin ya yi zafi sosai kuma na tsaya a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, jar fitilar mai takan riƙa ƙyaftawa, amma da zarar na taka totur kaɗan sai ta mutu. Da safe, injin na sanyi, ba ta kamawa ko kaɗan. Man yana nan a cike, ba na ganin yoyo a ƙasa, ba na kuma jin wata ƙara. Wani bakanike ya ce in sauya famfon mai, wani kuma ya ce in koma wa mai kauri kawai, magana ta ƙare. Wanne ya dace in bi, kuma akwai haɗari idan na ci gaba da hawa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka ajiye motar har sai an auna, domin wannan fitila ba yawan man da ke cikin inji take nunawa ba, matsinsa take nunawa, kuma a yawancin motoci ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar ma'aunin matsi ne) ko kusa da haka. Idan gaskiya take faɗa, duk mintin da injin ya yi a wannan hali ƙarfe na gab da gogar ƙarfe, kuma ta haka inji ke bugawa.

Kanikawan nan biyu duk sun yi gaggawa, saboda babu wanda ya auna komai a cikinsu. Abin da ake yi shi ne a kwance suwicin mai, wato wanda ke kunna fitilar idan matsi ya faɗi, daga jikin injin, a ɗaura gejin hannu mai allura a gurbinsa, sannan a karanta matsin a yanayi uku: injin na sanyi a silo, injin ya yi cikakken zafi a silo, da kuma yana da zafi a juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti. Ka tabbata an bar shi ya yi zafi na gaske, domin ruwan lagireto yakan riga baƙin mai ɗaukar zafi, kuma awon da aka yi da wuri yakan ba da lamba mai kyau ta ƙarya. Tsohuwar ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce kusan psi 10, wato bar 0.7, a kan kowane juyi 1,000, amma lambar da ke littafin gyaran injinka ita ce hukunci. Idan gejin ya nuna matsi lafiya, to suwicin ne ya gaji ko wayarsa na taɓa jiki, kuma wannan ƙaramin gyara ne.

Dalilin da ya sa ban yarda a fara da famfo ba shi ne, aikin famfo tura mai ne kawai. Matsin yana samuwa ne daga ƙuncin hanyoyin da man ke bi. Kamar tiyon ban ruwa ne: idan ka danne bakinsa da yatsa ruwan ya yi ƙarfi, idan ka saki ya yi laushi, alhali famfon bai canja ba. A inji, wuraren da ke danne man su ne metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da babban sandar injin ke juyawa a cikinsu, waɗanda tazararsu da ƙarfen ba ta wuce 'yan kashi cikin ɗari na milimita ba, galibi tsakanin 0.02 da 0.07. Idan suka cinye tazarar ta buɗe, man da ya yi zafi ya tsinke sai ya zube ta gefe, kuma a silo, inda famfon ke juyawa a hankali, ba ya iya cike gurbin. Sabon famfo a kan cinyayyen metal ba zai daɗe yana rufa asiri ba.

Mai Gyaran Inji:

Na yarda da abin da Baba ya faɗa, sai dai ina so in tsaya a kan maganar man da Malam ya tarar a ciki. Mai sabo kuma mai kauri a motar da ake shirin sayarwa abin lura ne. Ba zan ce mai motar ya yi niyyar ɓoye aibi ba, domin akwai masu zuba 20W-50 a kowane tsohon inji bisa sabo, amma sakamakon ɗaya ne: mai kauri ba ya saurin zubewa ta buɗaɗɗiyar tazara, saboda haka matsin yakan tsaya sama da inda fitilar ke kamawa. Juyen da ka yi bai haifar da matsalar ba, bayyana ta ya yi. Komawa ga mai kauri zai iya kashe fitilar, amma cin da metal ya yi yana nan, kuma idan injinka yana da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai, kaurin zai iya dagula aikinta, musamman da safe.

Duk da haka kada a yanke wa metal hukunci tun yanzu, domin akwai abubuwa masu sauƙi da ke kawo irin wannan alama. Filta marar inganci tana iya rage matsi, kuma tunda da ita matsalar ta fara, ya kamata a gwada wata ta asali. Ka shinshina sandar auna mai: idan tana warin fetur, ko kuma man yana ƙaruwa da kansa, to fetur na sauka cikin kaskon mai yana tsinka shi. Sannan a injin da aka daɗe ana jinkirta masa juye, dauɗa takan toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, haka ma guntayen gam idan wani ya taɓa lafta shi da yawa wajen rufe kaskon. Idan za a cire filtar, a yanka ta a baje takardar cikinta a haske; ƙyallin gari mai launin tagulla ko azurfa yana nufin metal ne ke cinyewa.

Sabon Mai Mota:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An sa wata filta, an kuma ɗaura gejin. Injin na sanyi ya nuna bar 4 a silo. Da ya yi zafi sai ya sauka zuwa 0.4, a juyi 2,000 kuma ya hau 1.3, yana ci gaba da hawa idan an ƙara wuta. Man ba ya warin fetur. A takardar tsohuwar filtar mun ga ɗan ƙyalli, amma ba mai yawa ba.

Tsohon Bakanike:

To, Malam, suwicinka ba shi da laifi, matsin ne ya yi ƙasa da gaske. Bar 4 da ka samu a sanyi yana nuna famfon na iya tura mai, kuma da wuya a ce bawul ɗin rage matsi, wanda ke sakin mai idan matsi ya yi yawa, ya maƙale a buɗe gaba ɗaya. Yadda matsin ke hawa tare da juyin inji ya rage zargin rariya, domin toshewarta ta fi nuna kanta idan an ƙara wuta, lokacin da famfon ke neman mai da yawa bai samu ba. Faɗuwa mai yawa haka tsakanin sanyi da zafi, ga kuma ƙyalli a filta, ya fi karkata ga metal.

Tunda ba ka fara jin ƙwanƙwasa ba, akwai kyakkyawan zaton karanshaf ɗin bai ci ba tukuna. A sauke kaskon mai, a duba rariya da robar da ke bakin bututunta, domin idan ta tsage famfon yakan zuƙi iska. Daga nan a kwance murfin metal, a duba fuskarsa, a auna tazarar da zaren awo na Plastigauge, a kwatanta da littafi. Idan wuyan karanshaf ɗin sumul yake kuma awonsa bai fita ƙa'ida ba, a injuna da yawa ana iya sa sabon metal daga ƙasa ba tare da an sauke injin ba; idan ya yi zane ko ya cinye, sai an fitar da shi an kai wurin masu gogewa, a sa metal mai kaurin da ya dace da sabon awon. A duba famfon a lokaci guda, a sauya shi idan haƙoransa ko murfinsa sun ci. Kuma zuwa garejin a ja motar, kada ka tuƙa ta.