Hayaƙin matatar mai: abin da aka tattauna a taƙaice

Jama'a tunda maganar da ake yi kan gurɓata muhalli da matatun mai ke yi da yadda za a magance shi ta yi tsawo, bari in tattaro abin da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda matsalar ta wuce hayaƙin da ido ke gani. Akwai iskar sulfa mai tayar da asma, ga sinadarin benzin (benzene, wanda ake samu a ɗanyen mai) da ke jawo kansar jini, ga rarar gas da ake ƙonawa. Maƙwabtan matatar mai ke shaƙa, galibi kuma talakawa ne, wannan ya tsaya min a rai wallahi.

2. A tace gurɓataccen ruwa kafin a sake shi. Nan ba wanda ya ja.

3. Kan kuɗi aka rabu. Wasu sun ce na'urorin cire sulfa tsada gare su, mai saye za a ɗora wa, ƙananan matatu su rufe mutane su rasa aiki. Wasu suka ce ai dama ana biyan kuɗin, a asibiti, suka kawo misalin fetur mai dalma da zuwa 2021 duk duniya aka daina sayar wa motoci. Ni nan na fi karkata.

4. Mafi yawa sun ce a kafa na'urar auna iska jikin katangar matatar mai, a riƙa wallafa sakamakon, a kuma sa tarar da za a ci matatar da ta gurɓata iska ta fi kuɗin gyara yawa.